Ruwan Wankan Binta da Hayaƙin Anu Araren

Tun da na dawo daga Arlit ba a bar ni na huta ba. A gidan suna a tare ni, a gidan biki a tare ni, har a gidan rasuwa sai da wata ta matso tana raɗa mini, wai da gaske ne ruwan garin yana haske in duhu ya yi? Na gaji da maimaita labari ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Amma kada wadda ta sa ran zan warware mata wani abu, don ni kaina a ruɗe na yi tafiyar, a ruɗe kuma na dawo.

Ga waɗanda ba su sani ba, Binta 'yar ƙanwata Hadiza ce. Hadiza ta haife ta a wani gari da ba mu da kowa, ba a yi mata wankan jego yadda ya kamata ba, ba ta kai arba'in ba ta rasu. Manya suka ce sanyi ne ya shige ta. Ko shi ne ko ba shi ba ne, Allah masani, amma da wannan maganar na tsufa. Ni na goya Binta, ni na aurar da ita ga Sani, ɗan wata 'yar'uwarmu ta Maraɗi. Yana aiki a tashar wutar lantarki ta Anu Araren, gidansa kuma yana Arlit, sai ƙarshen mako yake zuwa. Da cikinta ya tsufa na so ta zo gida ta haihu, likita ya hana saboda lalacewar hanya. Ta haifi 'ya mace, aka mayar mata da sunan Hadiza, ana kiranta Ummi. Tun ranar da aka gaya mini barcina ya ƙaurace, don na rantse ba za a maimaita mini abin da ya faru ba.

A waya Binta ta ce, “Inna, nan fa babu icce.”

Na ce, “Gari guda babu icce? To da me kuke tuwo?”

Ta ce da gas, in an samu. Gas kuwa ko ya samu, wa zai dafa ruwan jego safe da yamma da shi? Saboda haka bayan babbar tukunya, da gero, da kanwa, da yajin jego, da ƙauri, sai na sa aka cika mini buhuna da faskaren kirya. Yayarmu Abu ce ta tsaya a kan ɗaurin kayan, tana dogara sanda tana nanata mini, “Safe da yamma, kin ji ko? Kada ki kuskura ki tsallake ko ɗaya.” Kamar ni ce zan tsallake.

Daga Katsina zuwa Jibiya ba labari. A iyaka ne aka fara mayar da ni abin kallo. Wani ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu na can, ya soki buhu da ƙarfe ya ji tauri, ya sa aka kwance. Da ya ga icce sai ya kira abokinsa, abokin ya kira wani. Suka yi ta juya faskaren suna shinshinawa, wai ko an ɓoye wani abu a ciki. Da na gaya musu dalili, babbansu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya ga mai tsallaka fetur, ya ga mai tsallaka siminti, amma mai tsallaka icce yau ya fara gani. Ya ce in wuce, Allah ya raya. Na wuce ina jin haushin dariyar, ban san ita ce mai sauƙin ba.

Na kwana a Maraɗi wajen mahaifiyar Sani, wadda ciwon gwiwa ya hana tafiya. Washegari muka shiga doguwar mota, su kar suke ce mata. Nan kam dole in yaba musu. Kowa da lambar kujerarsa, ba a ɗora maka ɗan wani a cinya, in lokacin salla ya yi direba ya tsaya ba sai an yi masa ihu ba. Abin da ban yaba ba shi ne burodinsu, dogo kamar muciya, ga tauri, sai ka jiƙa shi a shayi kafin ya san kai ne mai shi.

Bayan Tawa itatuwa suka fara ja da baya, tun ina ganin gawo da aduwa har ya zama sai 'yan ƙayoyi jefi-jefi. Kusa da Abalak aka tsayar da mu a wani shinge, masu koren kaya suka hau duba kaya. Su ne jami'an gandun daji. Aka sauko da buhunana aka ce mai su ya fito.

Wani saurayi ne, mai ladabi ƙwarai, har da rusunawa. Ya ce, “Mama, ina takardar iccen nan?”

Na ce, “Icce ma takarda gare shi? Ni ma da ƙyar na samu tawa.”

Ya ce duk iccen da ya bi hanya sai da shaidar inda aka sare shi. Na ce a Katsina aka sare shi, ba a gonar kowa ta nan ba. Ya ce ya yarda da ni, amma icce ba ya magana. Na roƙe shi, na kawo masa labarin Hadiza tun daga farko, na ga idonsa ya yi laushi, amma buhunan dai ba su koma mota ba. Sai ya nuna mini wani allo a gefen hanya, an zana mace tana murmushi gaban murhu. Ya ce gwamnati so take mata su bar icce su koma gawayin ƙasa, wanda ake haƙowa a Anu Araren, don a bar itatuwa su tare hamada. Ya ce, “Ai ma can za ki, Mama. Gawayi sai kin ture.” Na hau mota ina share hawaye da bakin mayafi, amma na riƙe maganarsa.

Maƙwabcin kujerata wani ɗan kasuwa ne Basakkwace mai sayar da takalma a Arlit. Da muka doshi Agadas ya nuna mini wani fili da aka jera baƙaƙen faifai, sahu-sahu, duk sun kalli sama. Ya ce na kama hasken rana ne, gwamnati ke sa su don a rage ƙona gawayi da mai a tashoshin wuta, saboda hayaƙinsu yana ɓata duniya. Na ce tsaya, wane gawayin? Ya ce na Anu Araren mana. Na ce wanda aka ce mini ɗazu in koma ƙonawa? Ya ce shi. Na ce to gwamnatin da ta karɓe mini icce ta ce in ƙona gawayi, da wadda ta ce a rage ƙona gawayi, guda ce ko biyu? Ya susa gemu ya ce guda ce, amma ofis ɗin daban-daban ne. Wani daga baya ya sa baki ya ce duk Nasara ne suka ƙulla, su sun gama ƙona nasu sun yi arziki, yanzu sun ce namu ne mai wari. Wani kuma ya ce ƙarya ne, shi ya ga yadda rijiyoyin garinsu suka ƙafe. Har muka shiga tasha suna musu, ni da na tayar da zancen an manta da ni.

A Agadas na kwana a ɗakin mata na tasha, kan tabarma. Wata Buzuwa ta ba ni wani abu fari, siriri kamar takarda, na ɗauka irin alewar madara ce na gartsa, saura kaɗan haƙorina ya zauna a ƙasar mutane. Cuku ne, busasshen nono, ashe da shayi ake cinsa ko a daka a fura. Matan suka yi ta dariya, ni ma na taya su, don na lura tun daga iyaka aikin da na zo yi ke nan.

Sani ya ce in biyo ta wajen aikinsa, daga nan zai sa ni a motar da za ta Arlit. Tun daga nesa na hango dogon bututu yana fitar da hayaƙi, ga tulin gawayi baƙi ƙirin kamar an juye dutse, manyan motoci suna ta zubawa. Raina ya yi fari. Na ce lallai yaron nan na Abalak bai yi ƙarya ba.

Sani ya zo da hular kwano a hannu, ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Ya ba ni haƙuri, ya ce ba zai samu raka ni ba, baƙi sun zo daga Yamai suna auna hayaƙi. Na ce hayaƙi kuma da me ake auna shi, da mudu? Ya danne dariya ya ce da na'ura. Ya ce hukuma tana so tashoshin wuta su rage abin da suke fitarwa, ana maganar sa abin tace hayaƙi a bututu, ana maganar ƙara faifan rana, kowa dai da abin da yake faɗi.

Na nuna bututun na ce, “To ai ga shi nan ana gani, ba wani mai yawa ba ne. Gidan biki a Katsina ya fi shi turnuƙewa.”

Ya ce, “Inna, wanda ake gani daban. Akwai wanda ba a gani, ba shi da launi ba shi da wari, shi ne ke hawa sama shina ƙara ma duniya zahi.”

Na ce, “Abin da ba a gani, ba ya wari, yana cutar mutane, a garinmu aljani muke ce masa.”

Ya ce to kusan haka ne. Na tambaye shi in an rage ɗin, aikinsa fa? Nan ya juya hular a hannunsa, ya ce Allah ne mai ciyarwa. Daga jin haka na san abin yana cinsa.

Ya kai ni gidan abokin aikinsa in huta kafin mota ta tashi. Matar gidan Ramatu ce, mutuniyar Tawa, da goyonta ɗan wata uku. Ta kawo mini shinkafa da wake da man gyaɗa, ta koma kan wanki. Abin da ya ɗaure mini kai, ta gama wanke tsummokin jariri tas, ta matse, amma ta ƙi shanyawa. Sai ta fita tsakar gida ta ɗaga kai ta dubi bututun, ta dawo ta rufe bahon da faifai. Jim kaɗan ta sake fita ta duba. Na kasa haƙuri na tambaya.

Ta ce, “Iska nika dubi, Hajiya. In hayaƙin ya kwanta wajenmu, kayan hwari ba su shanyuwa, sai ki iske baƙin gari bisa, ki sake wanki. In ya juya wajen duwatsu, sai mu shanya da hamzari. Duk matan unguwar ga haka muka saba.”

Na ce, “Ba ku gajiya?”

Ta ce, “Da shi muke ci. Sabulu dai ka ƙarewa.”

Muka yi dariya. Na ɗauki yaron na yi masa wasa, ban kawo komai a raina ba. Hankalina yana kan gawayi. A bakin hanya na ga inda yake zubowa daga manyan motoci, ba mai ko kallonsa. Na aro buhu na tsince shi da hannuna, na cika, aka jefa mini a bayan mota. Ban gaya wa Sani ba. Ina ruwan suruki da zancen wankan jego? Ai da kunya.

Hanyar Arlit kuwa, wanda ya ce mata hanya ya yi mata kara. Kwalta ta mutu tun tuni, direba sai ya sauka ya bi rairayi, ya hau, ya sake sauka. Tukunyata tana baya tana ta kiɗa har muka isa. Garin shimfiɗe yake a fili, gidajen ƙasa jajaye, daga gefe ga wasu tsaunuka da aka ce ba Allah ya ajiye su haka ba, ƙasar da aka tono ce daga ramin ma'adinin yuraniyom, wanda saboda shi ake jita-jitar hasken ruwa. Hausa kowa ke yi, amma kowa da irin tasa. Ruwansu kuma, ga mai tambaya, ba ya haske.

Na samu Binta a zaune bakin gado, ta rame, ta yi fari. A ranar kamanninta da uwarta sun fito sak. Na tambayi wa ke mata wanka, ta ce maƙwabciyarta Gaisha, wata Buzuwa, da ruwan buta biyu da ake ɗumamawa a gas. Ruwan buta biyu! Ban ko kwance ɗankwali ba na kafa duwatsu uku a tsakar gida, na ɗora tukunya, na aika aka karyo mini ganyen darbejiya, na juye gawayin nan a ƙasa.

Ya ƙi kamawa. Na sa kwali, na sa tsumma, na yi fifita har kafaɗata ta gaji. Can ya kama, kuma da ma bai kama ba. Wani hayaƙi ya taso, rawaya-rawaya, mai kauri, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Maimakon ya yi sama sai ya kwanta ya bi ƙasa, ya shige ɗakin mai jego kamar an aike shi. Na ji Binta tana tari, sannan na ji wani ɗan ƙaramin tari, siriri, wanda har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Ummi ce. Fuskarta ta yi ja, tana buɗe baki kukan ya ƙi fita.

Sai ga wata doguwar mace ta faɗo gidan ba ko sallama, ta sure jaririyar ta miƙa wa Binta ta tura su waje, ta dawo ta dinga kwasar rairayi da kwano tana zuba wa wutar har ta mutu. Sannan ta juyo kaina.

“Hajiya, kai zai kashe yaro! Wa ya ba ka wannan dutse?”

Gaisha ke nan. Haka take Hausarta, kowa namiji ne a bakinta. A wani lokacin da na yi dariya, amma ba ranar ba. Muka ɗunguma asibiti. Ungozomar ta duba Ummi ta saurari ƙirjinta, ta ce Allah ya taƙaita, a bar ta inda iska ke shiga. Da ta ji abin da ya faru ta dube ni ta kan tabarau, ta ce ita ba ta hana wanka ba, amma ruwa mai ɗumi sosai ya isa, ba sai mai saɓule fata ba, kanwa kuma a rage ta ƙwarai don tana wahalar da zuciyar mai jego. Na ce to. A raina na ce yau kuma har kanwa ta shiga layin masu laifi. Amma na rage, don ranar ba ni da bakin musu.

Da labari ya kai wa Sani, ya kira a waya. Ya ce wanda na tsinto ɗanye ne, na tashar wuta. Na girki sai an fara gasa shi a wani wuri an cire masa dafin, sannan a zuba a buhu a sayar. Na ce to a sayo mini gasasshen. Aka zaga kasuwa, aka ce ya yanke, motar da ke kawowa ba ta zo ba. Na zauna a tsakar gida na dafa kai. An karɓe icce an ce gawayi, gawayin ya kasu biyu, mai kyau babu shi, marar kyau ga shi tuli guda ana ƙonawa dare da rana, an kuma ce shi ma a rage. Rana tana faɗuwa, ranar farko ta wuce ban yi wa 'yar Hadiza wanka ba. Na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa.

Da safe Gaisha ta shigo da jarkoki, su bido suke cewa, duk an shafe su da baƙin fenti. Ta cika su da ruwa, ta jera a kan kwanon rufi da ta shimfiɗa a rana, ta ce kada in taɓa sai la'asar. Na ce ruwan jego ba wuta? Ta ce, “Rana yana nan, ba ya son takarda.” Ashe Binta ta ba ta labarin Abalak. Da la'asar na tsoma hannu don in ƙaryata ta, na fizge shi da sauri. Sai da na sirka. Na jiƙa darbejiya na yi wa Binta wanka, tururi yana tashi daga bayanta, na gasa mata jiki yadda aka yi mini, yadda ba a yi wa uwarta ba. Rashin sani dai, kaza ta kwana a kan dami.

Saura na safe, don da asuba ruwan jarka ya huce, garin kuma duk zafinsa da rana, asubarsa da sanyi take zuwa. Nan Binta ta tuna Sani yana da hita, ƙarfen nan da ake jona wa lantarki a tsoma a bokiti. Wutar tana zuwa tana ɗaukewa, kowa da dalilin da yake bayarwa, amma da asuba yawanci akwai ta. Sai in tashi kafin kiran salla in jona, kafin in idar da lazimi ruwa ya yi. Wanka ya daidaita safe da yamma, Binta ta fara cika, Ummi ta daina tari. Na samu natsuwa har na fara zaga gari, na ci wani burodi da Gaisha ta gasa a cikin rairayi da toka, wanda ya fi na Maraɗi hankali nesa ba kusa ba.

Ran nan Sani ya zo hutun ƙarshen mako, ya durƙusa daga bakin ƙofa muna gaisawa. Na ce masa in na koma gida sai na sayi hitar nan. Na ce, “Ka ga abin arziki. Ba icce, ba toka, ba hayaƙi. Da gwamnatinku ta raba wa kowa ita, da an huta da aune-aune.”

Ya dubi hitar. Sannan ya ce, “Akwai hayaƙi, Inna. Can wajenmu shika tashi.”

Ban gane ba sai da ya nuna mini wayar da ta shigo gidan, ya ce in na bi ta, sanda bayan sanda, ba inda za ta kai ni sai gindin bututun nan. Duk bokitin da na tafasa da asuba, gawayi aka ƙona masa a can, irin ɗanyen da na tsinto. Take Ramatu ta faɗo mini a rai, tana tsaye tsakar gida da baho a rufe, kanta a sama.

Na ce, “To in na daina jonawa, zai ragu?”

Ya ce ko cikin cokali ba zai ragu ba.

Na ce, “In kowa ya daina fa? In aka mayar da komai kan faifan rana?”

Ya ce faifan ba sa aiki da asuba sai an haɗa su da manyan batura, in kuma har aka kai ga rufe tashar, shi da mijin Ramatu sai su nemi wata sana'ar. Ya faɗa yana kallon ɗakin da matarsa da 'yarsa suke.

Ina so a rage hayaƙin saboda na ji tarin Ummi da kunnena. Ba na so a rage saboda tuwon Ummi daga bututun yake fitowa. Na yi ta juya abin kwana da kwanaki ban ga bakin zaren ba, kuma masu na'urar ma ban ji an ce sun gani ba. Abin da na sani shi ne washegari da asuba na tashi, na tsaya da hita a hannu na ɗan lokaci, sannan na jona. Haka na yi kullum har ƙarshe, ban tsallake ko ɗaya ba. 'Yata na zaɓa, kuma ko yau aka sake ita zan zaɓa. Sai dai daga ranar ban ƙara cewa abin ba shi da hayaƙi ba.

Ranar arba'in Binta ta yi kitso ta yi lalle, ta ɗaura sabuwar atamfa ta fito tsakar gida da 'yarta a kafaɗa, kumatu sun fito. Ta kai inda uwarta ba ta kai ba. Na shige bayan ɗaki na yi kukana ni kaɗai, na share fuska, na fito na hau rabon ƙauri. Gaisha na bar wa babbar tukunyar, ta ce za ta shafe ta da baƙin fenti.

Da zan taho na ce wa Sani ta wajen aikinsa zan sake bi. Ya ce akwai motar da ke zuwa Agadas kai tsaye, na ce na sani. Na shiga kasuwar Arlit na sayi katan ɗin sabulun wanki, na riƙe shi a cinya duk tsawon hanyar nan mai kashe ƙugu.

Na samu Ramatu inda na bar ta, gaban baho, yaron ya yi wayo yana zaune a tabarma. Ta yi murna, ta tambayi mai jego da jaririya. Na ajiye mata katan ɗin. Ta buɗe, ta dube ni, ta sake duban sabulun.

“Hajiya, wanga duka na mi ne? Shinkahwa da wake ɗai na ba ki.”

In ce mata ruwan da na dafa a Arlit ne ya ɓata mata tsummoki? Sai ta ce tsohuwa ta zare. Na ce, “Na wanki ne.”

Ta yi godiya, har yanzu da alamar ba ta gane ba. Sai ta ɗaga kai ta dubi bututun, ta yi wuf ta yaye faifan da ke kan bahon.

“Ya juya wajen duwatsu. Kama mini, Hajiya, mu shanya tun bai dawo ba.”

Na ajiye jakata na kama mata.